Yadda Na Ba Gardamau Fuskar Babanmu

Ku ƙannena, Rabi da Sahabi, da ke Luba da har yanzu kike goye, wannan takardar taku ce. Na san abin da ake faɗa a bakin rijiya da wurin niƙa: wai Yaya Kulu ce ta zana Baba ta miƙa wa masu kaki don a ƙara mata girma a ofis. Kafin ku yi wayon da za ku tsane ni da hujja, ina so ku ji yadda abin ya faru daga wadda ta riƙe alƙalamin. A ɗakin Gwaggo Ige nake wannan rubutu, a Bakura. Mota in ta tsaya a ƙofar gida, ko da ta masu sayen albasa ce, sai in ajiye alƙalami in leƙa in ga ko masu kaki ne.

A sakandaren kwana na fara ganin littattafan hoto, irin waɗanda ake jera labari gida-gida kamar gurabun dara, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa cikin wani ɗan gajimare. 'Yan matan da iyayensu ke fatauci zuwa Kano da Ikko su ke shigo da su a ƙasan akwati. Ban jima ba na zama alƙaliyarsu. Kafin yarinya ta ba da ƙuli-ƙulinta a ara mata littafi, sai ta zo ta tambaye ni ko ya cancanta. Ni kuwa ba na rowar baki. Wannan mai zanen bai iya hannu ba, yatsun mutanensa kamar rogo. Wancan labarinsa ya mutu tun a shafi na huɗu, sauran duk jana'iza ce. A bayan littafin lissafina nake rubuta irin wannan hukunci, yana yawo daga gado zuwa gado. Amma akwai aibi guda da na ga duk sun yi tarayya a kansa: fuskokin mutanen ciki sumul suke kamar ƙwai. A ƙasarmu kana duban kuncin mutum ka san gidan da ya fito. Waɗannan kuwa kamar daga sama suka faɗo. Don haka in na kwaikwayi zanen a takardata, sai in tsaga musu askar fuska, in ga sun zama mutane.

Da na gama makaranta na samu aikin buga tafireta a ofishin aikin noman rani da ke Talata Mafara. Lokacin an riga an datse gulbi a Bakolori. Ruwa ya cinye tsohon garinmu na wajen Maradun, har da fadamar Baba da kushewar kakanninmu, aka kwashe mu aka zube a kan tudu mai tsakuwa. Waɗanda ke ƙasan dam su kuma katafila ta bi gonakinsu ta baje, ta tuge ɗorawa da tsamiya, aka ce su jira a yanka musu sabbi. Ko'ina ka zauna maganar ke nan. Sai dai ku riƙe wannan da kyau: Babanmu, Malam Bawa, ba ya cikin masu ɗaga murya. In maza suka taru a gindin durumi ana kumfar baki, shi igiya yake tufka, in an matsa masa ya ce abin da ruwa ya ci Allah ne ya ba shi. Har gori ake yi masa a kan sanyinsa.

Shugabana a ofis wani malamin gona ne mutumin Zariya, Malam Nuhu. Wata rana ya tarar da ni ina zana masinjanmu a bayan takardar da ta lalace, ya ɗauka ya daɗe yana dubawa. Ya ce dama suna neman hanyar da za su fahimtar da manoma amfanin noman rani, tunda takardun da suke rabawa ba mai karantawa. Ya ce in yi musu labari cikin hotuna. Manoma biyu: ɗaya mai karɓar shawara, ya shuka alkama ya sayi keke, ɗaya kuma mai taurin kai, ya tare wa katafila hanya da gungume, daga ƙarshe ya yi nadama. Na farkon muka sa masa Na'Allah, na biyun Gardamau. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba don murna. Ni da nake yanke wa littattafan wasu hukunci, ga shi za a buga nawa.

Na'Allah bai ba ni wuya ba, don Malam Nuhu ya ce a bar fuskarsa sumul, mutumin zamani ne. A kan Gardamau na tsaya. Na zana masa malfa da 'yar shara da gatari a kafaɗa, amma fuskar ta ƙi zama. Sai an yi masa aska. To askar wa? Nan ne na yi kuskuren, kuma da ladabi na yi shi. Na ce a raina, mutumin nan abin dariya ne a labarin, in na sa masa askar gidan wasu za a ce 'yar Malam Bawa ta ci mutuncin zuriyar mutane a takarda, abin ya zama gaba har jikoki. Gara in sa ta gidanmu, ai ba wanda zai yi ƙarar mutum don ya zagi kansa. Sai na ja tsaga tara a dama, tara a hagu, irin ta yawancin mutanen yankinmu, sannan na ƙara abin da yake namu mu kaɗai: bille biyu a kuncin hagu maimakon ɗaya. An ce kakan Baba ne ya fara sa a yi haka, lokacin da 'ya'yansa ke ta mutuwa. Ban tsaya na tuna cewa 'yan'uwan Baba maza duk sun rasu ba, kuma ba a yi wa Sahabi ba. A duniya mutum ɗaya ne ya rage da wannan aska. Sauran fuskar kuma, hancin da faɗin goshin, hannuna ne ya bi hanyar da ya sani.

Maganganun da na sa a bakin Gardamau ba nawa ba ne. A kasuwar Talata nake tsintarsu, wurin masu jiran mota.

Aka buga littafin aka raba shi kyauta ran kasuwa. Ba a sa sunana ba, amma ban damu ba. Bayan 'yan makonni Malam Nuhu ya shigo da wata jaridar Hausa yana murmushi, ya shimfiɗa mini a kan tafireta. Wani ya yi sharhi a kan littafinmu, rabin shafi guda. Ya ce Na'Allah ba shi da gishiri, kamar gunki yake, kuma na yarda da shi. Amma Gardamau ya yaba shi matuƙa. Ya ce ba a ƙirƙiro irin wannan fuska da ka, lalle wanda ya zana ya zauna gaban mutum mai rai ne, kuma duk wanda ya san ƙasar Maradun zai ce ya taɓa gamuwa da shi. Suka buga fuskar da girma a tsakiyar shafin, har ana iya ƙirga tsagar. Na karanta ya fi sau goma. Na yanke wurin na adana, ranar Juma'a na hau mota na nufi gida da shi da littafin.

Na tarar da Baba a zaure, Wanzam Ɗanjuma yana yi masa aski. Ɗanjuma abokin wasan Baba ne, gidansu ke yi wa gidanmu wanzanci tun kaka da kakanni. Na durƙusa muka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen Mafara da aiki, sannan na miƙa littafin. Ɗanjuma ne ya fara karɓa. Yana buɗewa ya ajiye askarsa.

"Kai! Malam Bawa, yaushe kat tahi birni anka ɗauke ka hoto ba mu sani ba?"

Baba ya ce, "Wane ni. Ƙare mani askina, sarkin surutu."

"Ga ka nan wallahi, har da malhwa. Tara nan, tara nan, ga bille biyu. Wagga aska ubana yay yi ta da hannunai. Daga nan har Gusau babu mai ita sai gidan ga."

Baba ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna ɗan gajimaren da ke saman kan mutumin.

"Kulu, karanta mani abin da nac ce."

Na karanta: "Ƙasar da na gada ba tabarma ba ce, da za a naɗe a shimfiɗa mini wata."

"Ni nac ce haka?"

"A'a Baba, ba kai ba ne. Gardamau ne."

"Ɗan wa na?"

"Ba ɗan kowa ba ne. Ni na ƙirƙiro shi."

Ya miƙo mini littafin, ya sunkuyar da kai don Ɗanjuma ya ci gaba.

"Mai aska ba shi rasa uba, ɗiyata."

Ɗanjuma ya yi dariya har da hawaye. Inna kuwa, da ke jinmu daga bayan danga, ba ta yi dariya ba.

"Boko ke nan. Gobe sai a ƙunsa ƙosai da huskar ubanki."

Da a ƙosai abin ya tsaya, da na gode wa Allah. Abin da ba mu zata ba a ofis shi ne manoma ba su ga Gardamau a matsayin wawa ba. Na'Allah suka mayar abin dariya, suka ce kekensa na aro ne. Shafukan ƙarshe inda Gardamau ya yi nadama suka yayyage suka hura wuta da su, na farkon suka ninke suka sa a aljihu. Mai iya boko ɗaya zai karanta wa mutum ashirin, su haddace. Baba in ya shiga kasuwa sai a dinga ɗaga masa hannu.

"Gardamau! Sai kai, na gaban katahila!"

Shi kuma ya ce, "Ku bari don Allah. Ni Bawa na."

Da zafin rani ya yi, haƙurin mutane ya ƙare. Maza daga garuruwa da yawa suka jawo gumagumai da ƙaya suka tare hanyoyin da motocin aiki ke bi. In direba ya tsaya ya tambayi wanda ya sa su, sai su ce, "Gardamau yas sa mu." Ba mugunta suka yi wa Baba ba. A ganinsu suna ne da ba shi da mai shi, ba wanda za a kama da shi. Baba bai taɓa zuwa wurin ba ko sau ɗaya. A kwanakin nan jinkar ɗakin Inna yake gyarawa kafin ruwa ya sauka.

Wata Laraba da hantsi masu kaki uku suka shigo ofishinmu. Babbansu dogo ne, Hausarsa ta bariki. Ya ce suna neman shugaban masu tare hanya, wani mai suna Gardamau. Malam Nuhu ya yi 'yar dariya ya ce ai wannan mutumin littafi ne, babu shi. Dogon ya zaro shafin jaridar nan daga aljihu ya ajiye a tebur, ya danna yatsa a kan wurin da aka ce an zauna gaban mutum mai rai. Ya tambayi wanda ya zana. Malam Nuhu ya ce can wurin ɗab'i aka yi, bai san ko wane ne ba. Ina zaune taku uku daga gare su, yatsuna a kan tafireta, na kasa danna ko harafi ɗaya. Da suka fita Malam Nuhu ya rufe ƙofa ya juyo.

"Kulu, ki saurare ni. Muddin ba wanda ya ce daga fuskar wane aka ɗauko, takarda ce kawai. Ki kama bakinki, kuma kada ki je gida."

Na ce to. Washegari da sassafe na hau motar Maradun.

Na samu Baba a kan tsani da damin ciyawa. Na roƙe shi ya tafi Bakura wurin Gwaggo ya kwana biyu. Ya ƙi. Na ce to ya naɗa rawani ya rufe kuncinsa. Ya sauko ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Huskata ba sato ta niy yi ba, Kulu. Wa zan ɓoye ma ita?"

Rana ba ta kai tsaka ba muka ji motar. Aka ce duk namiji mai aska ya fito gindin durumi. Suka ware mutum shida masu tsaga tara-tara suka jera su, Baba na huɗu. Mu mata muna tsaye daga nesa, Inna ta riƙe mini hannu. Dogon nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kara takardar a kuncinsu. Daga inda nake ina ganin bai iya karanta aska ba. A idonsa duk ɗaya suke, ya duba wannan ya koma wancan, gumi yana zuba masa. Ya tambayi mai gari, mai gari ya ce shi bai ga kama ba. Ya ce a kira wanzamin garin. Ɗanjuma ya fito yana dogara sanda, wadda ban taɓa ganinsa da ita ba, ya karɓi takardar ya riƙe ta a juye.

"Ranka shi daɗe, idona ya mutu tun bara. Wanga jaki na ko mutum?"

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi tari. Gari guda, har da yara, kowa ya san fuskar wa ke kan takardar, kowa ya yi gum. Daga baya na ji cewa haka aka yi musu a garuruwa uku kafin namu, suka gaji suka saki mutane suka wuce. Da ma na san haka a lokacin. Ni dai abin da na gani shi ne dogon ya dawo kan Baba karo na biyu, ya kama haɓarsa ya juya kuncin hagu wajen rana. Hannun wani a haɓar Baba. Ban san lokacin da na fizge daga riƙon Inna ba.

"Ku ƙyale shi! Ba shi ba ne! Ni na zana, da hannuna, babu wani Gardamau, ƙarya ce na shirya!"

Na ji wani nishi ya fito daga taron, kamar an naushi mutum ɗari a ciki lokaci guda. Dogon ya saki haɓar Baba ya juyo a hankali.

"Ke kika zana?"

"Ni ce."

"Wannan mene ne naki?"

Na dubi Baba. Ya girgiza mini kai kaɗan, kaɗan ƙwarai. Amma ta yaya zan tsaya gaban garinmu in ce ban san shi ba?

"Babana ne."

Dogon ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya ce sauran biyar su tafi.

Ban suma ba, ko da yake na so. Na ga lokacin da suka ɗora shi a bayan mota, takalminsa ɗaya ya faɗi, ya ce a miƙo masa ba wanda ya kula. Na bi motar da gudu ina cewa su tafi da ni, ni ce mai laifin, har na faɗi a kan tsakuwa. Da na dawo ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi. Mata suka dare suka ba ni hanya. Ɗanjuma ne kaɗai ya yi magana, yana zaune a ƙasa ya jefar da sandar.

"Mun kusa, ɗiyar ga. Wallahi mun kusa."

Da la'asar Inna ta ɗaure kayana a ɗankwali ta ce in tafi Bakura, don ba za ta iya kallona ba kuma ba ta son ta yi mini baki.

Ban koma aiki ba. Malam Nuhu, Allah ya saka masa, ya bi sawu har inda ake tsare da Baba, ya kai zanen farko da na yi da fensir, ya rantse cewa labari ne. Aka ce masa 'yar mutumin da bakinta ta shaida a gaban jama'a. Na rubuta wa jaridar nan wasiƙa har uku in ce mai sharhinsu ya yi kuskure, ba a zauna gaban kowa ba. Ban ga sun buga ba. Kuma ko sun buga, ni kaina ban san ko kuskure ya yi ba.

To ga gaskiyar da nake so ku riƙe. Ban sayar da Baba ba, ba a ba ni komai ba. Babanku bai tare hanya ba, bai sa kowa ya tare ba. Amma in an ce muku ni na miƙa shi ga masu kaki, kada ku yi faɗa da mai faɗin. Sau biyu na ba su shi, da hannuna da kuma bakina, kuma duka biyun ina ganin alheri nake yi.

Damina ta sauka ta ɗauke, aka yanke gero, sannan aka sako Baba. Gwaggo Ige ce ta kai ni, don ni kaɗai ba zan iya ba. Da azahar muka isa. Yana zaune a zaure a kan buzu, ya rame har malfarsa ta yi masa yawa, kuma ba ya ɗaga kai. Inna ta tare mu a ƙofa ta ce tun da ya dawo ƙafafun mutane yake kallo, ba fuska ba. Ban gane nufinta ba. Takalmin da na saya da zan fara aiki ne a ƙafata, baƙi, sau-ciki kamar na masu kaki, shi kaɗai gare ni. Na taka bakin zauren ke nan, ban ko kai ga tuɓewa ba, sai na ga Baba ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Ya haɗa ƙafafunsa, ya mayar da hannuwansa baya, idonsa a kan takalmina.

"Ni na Gardamau, ranka shi daɗe. Ni nas sa su."

Gwaggo ta yi salati. Na watsar da takalman na zube a gabansa, na kama ƙafarsa.

"Baba, ni ce. Kulu ce. Ba kowa nan sai mu. Kai ba Gardamau ba ne, Baba, sunanka Bawa."

Sai a lokacin ya dube ni, kuma ya gane ni, na ga ya gane ni. Ya waiga dama ya waiga hagu. Ya sunkuyo har bakinsa ya kusa kunnena, ya dafa kaina yadda yake yi ina ƙarama, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada wani ya ji.

"Yi hankali, ɗiyata. In kin ce Bawa, sai su sake fara duka."